Kada ka taɓa allurar nan kafin likita ya zo

Ka tambaye ni wai tunda wuta ba ta zama, me zai hana a yi wa gawar da 'yan sanda suka kawo allurar fomalin, maganin da ke hana gawa ruɓewa, kafin likitan da zai bincika ta ya iso. Yaro, tambayar nan ta taɓa mini tsohon miki.

Wata Juma'a aka kawo mana gawar wata amarya nan ɗakin ajiye gawa, watanta uku da aure. Kumfa a bakinta, warin fiya-fiya na tashi daga rigarta, ƙwayar idonta ta tsuke kamar kan allura. Mahaifinta ya kafe sai an bincika, duk da dangi sun taso shi gaba a kai ta makwancinta kafin la'asar. Ɗan sanda ya tafi karɓo takardar izini daga majistare. Na sa ta a firji, sanyi digiri 4, na tafi masallaci.

Kafin in dawo, wani abokin aikina ya karɓi na goro daga dangin mijin, ya ɗura mata fomalin, ya ba su rigarta suka tafi da rigar. Wai taimako ya yi kada ta kumbura. A cikin firji! Fomalin yana kore jini daga jijiyoyi, ya gauraya da saura, ya sauya guba har ɗakin gwaji ya kasa tsayawa a kan sakamako. Likita ya buɗe, muka aika abin da muka samu, amsa ta dawo babu tabbas. Da me alƙali zai riƙe mutum? Aka sallami wanda ake zargi. Har yau in na haɗu da dattijon nan, mahaifinta, a kasuwa shi ke fara gaishe ni, ni kuwa ba na iya haɗa ido da shi.

Gawa shaida ce. Inda jini ya kwanta a jiki yana nuna ko an juya ta bayan mutuwa. Baƙin hayaƙi a maƙogwaro yana nuna mutum na numfashi lokacin da gobara ta ci shi. Jinin jijiyar cinya, fitsari, abin cikin tumbi, yankin hanta, duk sai an ɗiba tukuna kafin a yi allurar.

 Ku yaran yanzu hannu ɗaya a waya, ɗaya a aiki, komai kuna son a gama kafin azahar. In wuta ta ɗauke, ka tayar da janareta, in babu mai ka nemo ƙanƙara, ka kira ni ko ƙarfe biyun dare ne.