Alhaji, ina lambobin agogunan nan?

Tambaya: Ni ɗan kasuwar atamfa ne a Kantin Kwari. Zan tafi Umra da iyalina wata guda. Ina da agoguna 9, Rolex da Omega da Rado, cikin akwatin ƙarfe a ɗakina, zan bar wa ɗan yayata makulli. In sa kyamara? Kuma ina so in ƙaro wasu daga Dubai, an ce kuɗinsu ninkuwa yake yi.

Amsa: Alhaji, Allah ya karɓi ibada. Amma duk bayaninka ban ji inda ka ce ka rubuta lambar shaida da kamfani ya buga a jikin ko da agogo ɗaya ba, kuma nan ne ɓarakar take. Dilar atamfa ba ta fita shagonka sai an shigar da ita littafi, amma dukiyar da ta kai kuɗin gida ka bar ta ba shaida?

Na san wani attajiri da ya dawo tafiya ya tarar da akwatinsa a kulle, agoguna cif. Sai bayan watanni, da ya kai ɗaya gyara, mai gyara ya ce masa jabu ne. An ɗauke na gaske an ajiye mai kama da shi. Ba rasit, ba lamba, ba hoto. Wa zai kama? Kowa na gidan ya zama abin zargi, zumunci ya lalace, agogon kuma bai dawo ba.

Kowane Rolex da lambarsa: a sababbi tana zoben ciki daidai ƙarfe 6, a tsofaffi sai an cire madauri. Ka ɗauki hoton kowanne da lambarsa da katin garanti, ka aika wa kanka ta imel. Katunan da kwalaye kada su kwana wuri ɗaya da agogunan, domin ɓarawon da ya haɗa su ya samu kayan sayarwa da cikakken farashi. Da lambar ce 'yan sanda za su saurare ka, da ita kamfanin takaful (inshorar Musulunci) zai biya, da ita ake sa cigiya a The Watch Register ta Landan, rajistar agogunan da aka sace ko suka ɓata, inda dillalai ke dubawa kafin su saya.

Ɗan yayar taka kuma ka sauke masa nauyin da bai roƙa ba. Masu tsadar ka kai su ma'ajiyar banki, ka karɓi takarda.

Zancen ninkuwa kuwa, tun 2022 farashin irin waɗannan agogunan a kasuwar sake sayarwa ya faɗo sosai, waɗanda suka saya a ƙololuwa suna nan da asara. Kada ka ƙaro ko ɗaya sai ka gama rubuta waɗannan 9 ɗin.