Dalilin da ya sa muke kai rahoton mushen tsuntsu a Legas

Malam, ka tambayi abin da ya sa mu Hausawan Legas muke kiran hukuma saboda mushen tsuntsu, alhali a gida yaro ake sa wa ya ɗauke shi ya jefa a juji, magana ta ƙare. Tambayarka tana kan hanya, amma wanda abincinsa yake cikin kejin kaji a Agege ko Mile 12 ba zai ɗauki lamarin da sauƙi haka ba.

Dalilinmu shi ne murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ɓullarta a Najeriya a watan Fabrairun 2006, a wata gonar kaji da ke Jaji ta jihar Kaduna, sannan a watan Janairun 2007 ta kashe wata matashiya a nan Legas. Da ta sake dawowa a farkon 2015, a Kano da Legas aka fara tabbatar da ita, abin da bai ba 'yan kasuwarmu mamaki ba, domin motocin da suke sauke mana zabi da tattabaru da kajin gida daga Arewa suke tasowa. Tsuntsayen ruwa masu ƙaura, irin waɗanda suke sauka a fadamun Haɗeja da Nguru, suna iya ɗauke da ƙwayar cutar ba tare da sun nuna alama ba, su bar ta a ruwan da kaji za su sha.

Saboda haka tsarinmu shi ne, idan aka ga tattabara ɗaya a mace a bakin titi, ba a tada hankali. Amma idan aka wayi gari da balbelu uku ko huɗu a kwance a bayan mayanka, ko kuma kaji suka fara zubewa a keji, kai a kumbure, zanko ya yi baƙi, to babu mai taɓa su da hannu. Akan kife kwando a kansu, a kori yara da karnuka, a ɗauki hoto da waya a kai wa shugaban 'yan kaji, shi kuma ya sanar da likitan dabbobi na jiha, wanda zai ɗebi samfur a aika cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom a jihar Filato.

Abin da ya fi yi wa sababbin zuwa wuya shi ne hanin da dattawanmu suka yi na gaggauta sa wa kaza wuƙa idan ta fara layi, don kada ta zama mushe. Yanka yana halatta nama, amma ba ya kashe cuta, kuma mai fiɗa da mai fige gashin su ne suka fi kusa da haɗari.

Akwai masu ɓoyewa don tsoron a rufe kasuwa a hallaka kajinsu, kuma ban ga laifin tsoronsu ba, tunda diyya takan yi jinkiri. Sai dai mu baƙi ne a garin nan, komai daɗewarmu, kuma idan cuta ta ɓulla a rumfar Bahaushe aka gano an ɓoye ta, ba sunan mutum ɗaya za a kira ba. Shi ya sa shugabanninmu suka gwammace hukuma ta ji labarin daga bakinmu kafin ta ji shi daga bakin maƙwabta.