Fitsari na tsere min idan na yi tari: mene ne hukuncin alwalata da motsa tsokar mara?

Tambaya: Malam, tun haihuwata ta huɗu fitsari ke tsere min idan na yi tari ko atishawa. A asibiti an koya min matse tsokar ƙasan mara, amma wata malama ta ce haramun ne, wai al'adar kafirai ce, kuma wasa da al'aura ne. Ina matsayin alwalata?

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Kalmarki "idan na yi tari" ita ce ta raba gardama. A mazhabar Malikiyya, salas, wato fitar fitsari ko makamancinsa ba da ikon mutum ba, ba ya warware alwala idan ya lazimci mutum rabin lokaci ko fiye. Naki kuwa zuwa yake ya tafi, lokacin da ba ya nan ya fi yawa, don haka duk sanda ya fita sai ki sake alwala. Tufafi ne aka yi miki rangwame: in yana zuwa kullum, ko da sau ɗaya, ba a ɗora miki wanke zane kowace salla ba. Ki sa ƙunzugu, ki canza.

Neman magani halal ne, babu saɓani.

Maganar malamar ce ban yarda da ita ba. Gaskiya ne likitan Amurka, Arnold Kegel, shi ya bayyana wannan hanya a 1948. To sai me? Kamanceceniya da kafirai da aka hana tana cikin ibada da alamomin addininsu. Haƙa ramin Handaƙ dabarar Farisawa ce, Annabi (SAW) ya karɓa. Ita malamar, allurar da ake yi mata wa ya ƙera? Batun wasa da al'aura kuwa, hannu ba ya zuwa wurin, sha'awa ba ta cikin niyya. Tsokar da kike riƙe tusa da ita a cikin mutane ce kike matsewa sakan 5, ki saki, sau 10, sau 3 a yini. Bai karya alwala ba, bai karya azumi ba. Hasali ma malamanmu sun ce salas ɗin da mutum ke da ikon magancewa ya ƙi, ba ya samun cikakken uzuri. Kin ga wanda ya hana ki, tsarkinki ya taɓa.

Kada ki mayar da matse tsokar al'ada a tsakiyar fitsari, yana iya hana mafitsara zubar da fitsarin gaba ɗaya. Na'urorin motsa tsokar da ake cusawa a gaba kuma a guje su da rana a Ramadan. Ki yi haƙuri kamar wata 3 kafin ki ce bai yi ba.

In kuwa fitsarin zuba yake dare da rana bayan doguwar naƙuda, wannan yoyon fitsari ne, aiki yake bukata, akwai cibiyarsa a Babbar Ruga, Katsina. Na san kunya ke sa mata ɓoyewa har su daina zuwa islamiyya. Ki gaya wa maigidanki, ya kai ki. Wallahu a'alam.