Na'urar leza za ta rage min kuɗin aikin kwalbati?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ni ƙaramin ɗan kwangila ne a Argungu. Na samu aikin sake gina kwalbati biyu da ciko a wata hanya da ta ratsa fadama. Wani matashi ya zo da na'urar awo mai hasken leza, ya ce in na biya shi ba sai na kira safiyo ba, ba sai na yi gwajin ƙasa ba, wai tana gani har ƙarƙashin ƙasa. Kuɗin aikin a takure yake, kuma ina tsoron kwalbatin ya zauna tun daminar farko. Da gaske tana rage kuɗi?

Amsa: Wa'alaikumus salam Alhaji. Tana ragewa, amma ba ta inda ya nuna maka ba.

Ribarta gare ka tana wajen lissafin ciko. A ɗauki awon hanyar da na'urar kafin a zuba marmara, a sake ɗauka bayan an danne, kwamfuta ta fitar da kubik mitan da ya shiga. Ka san rigimar ƙirga tifa: direba ya ce ashirin, yaron da ke rubutawa ya ce sha takwas, mai duba aiki ya ce bai yarda da ko ɗaya ba. Na'urar da ke ɗaukar ɗigon awo, wato wuraren da haskenta ya taɓa, har miliyan a daƙiƙa, kuskurenta a kusa 'yan milimita, ta kashe wannan gardama. In kuma an manta auna bakin tsohon kwalbati, yana nan a kwamfuta, ba sai an sake ƙona mai an koma ba.

Sai maganar gani ƙarƙashin ƙasa. Ƙarya ce, kuma na gaji da jin ta. Leza haske ne, kamar na tocila: abin da ya fara tarewa, nan ya tsaya. Ba ya ratsa ƙasa, ba ya ratsa kankare balle ya ƙirga maka rodi. A gonar shinkafa ko cikin gamba mai duhu, yawancin ɗigon saman ciyawa suke sauka, kwamfuta ta ɗauka ƙasa ce, lissafin cikonka ya fito ƙasa da gaskiya, kai ne da asara. Ruwa kuwa shanye hasken yake. Akwai mai koren haske da ake ɗora wa jirgin sama don auna zurfin ruwa, ita ma sai ruwa garau, ba jan ruwan gulbi na watan Agusta ba. To ramin da ruwa ya ƙwaƙule a gindin tsohon kwalbatin, wanda galibi shi ke kayar da irinsa, wa zai gan shi? Hoto mai launi yana juyawa a allo ba ya faɗin ko laka ce mita uku a ƙasa ko yashi. Lakar fadama tana kumbura da damina, ta tsage da rani, ta nutse a hankali in an ɗora mata nauyi. Wanda ya ga gadojin da ambaliyar 2020 ta karya a Kebbi ba ya wasa da harsashi. Haƙa za a yi, a ɗebi samfuri a kai ɗakin gwaji. Ko na'urar rada da ke leƙa ƙasa, jiƙaƙƙiyar laka rufe mata ido take. Masu yawo da na'urar haya suna cewa a bar gwaji, ranar da hanya ta karye da mota a kai ba za ka same su a waya ba, sa hannunka ne a takarda.

Safiyo ma dole ne. Shi zai kafa alamun da za a ɗaure awon a kansu. In zanen ma'aikatar da ta ba ka aikin a tsarin Minna yake, wato tsohon tsarin awon taswira na Najeriya, na matashin kuma a WGS84, tsarin da GPS ke amfani da shi, tazarar gomman mitoci ce. Ka nemi mai rajista da SURCON, hukumar da ke yi wa safiyoyi rajista a Najeriya, a ɗauki awon bayan girbi an share ciyawa, a ranar da hazo bai yi kauri ba. In kwalbatin kaɗai ne ba dogon ciko, kayan awon da safiyo ya saba ɗauka sun ishe ka, kuɗin hayar ka zuba shi a gwajin ƙasa.