Kifin da ke rairaye yashi ya yi tsalle ya faɗo ƙasa

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Watanni huɗu ke nan da na kafa akwatin gilashi na kifin ruwan gishiri, mai cin lita 200. Da na ga yashin ƙasansa ya fara duhu da gansakuka, sai na sayi kifin gobi mai ɗigo-ɗigon ruwan goro, wanda aka ce mini yana tsabtace yashi. Kwana tara ya yi yana aikinsa har yashin ya yi fari tas, amma da safiyar kwana na goma na tarar da shi a bayan akwatin, ya bushe. Ban sa murfi ba saboda an ce mini yana tare haske. Ina so in sayi wani, amma ina tsoron abin ya maimaitu. Me ya fitar da shi, kuma me zan gyara? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa'alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya mayar maka da alheri. Bisa kamannin da ka bayyana, kifin naka shi ne wanda masana ke kira Valenciennea puellaris, ɗan asalin Bahar Maliya da tekun Indiya da yammacin Fasifik, wanda a akwati yakan kai tsawon santimita 15. Yana zaune a kan yashi kusa da raminsa, yana cika bakinsa da yashi, ya tsame 'yan tsutsotsi da ƙananan halittun da ke ciki, sannan ya zubar da sauran ta kafofin numfashinsa da ke gefen kai. Wanda ya zauna ya zuba masa ido zai ga yashin yana tsiyayowa ta ɓangarorin biyu kamar gari daga rariya, kuma wannan ne ya sa mutane ke ƙaunarsa.

Amma kifi ne mai saurin firgita. A teku idan ya ji motsin abin da zai cinye shi, yakan fyalla da gudu zuwa rami, kuma idan ramin ya yi nisa sai ya nufi duk inda ya samu hanya, har sama, inda akwai ruwa mai zurfi a bisansa. A akwatinka kuwa tazarar da ke tsakanin yashi da saman ruwa ba ta wuce kamu biyu ba, don haka gudu ɗaya ya isa ya fitar da shi waje. Makonnin farko su ne mafi haɗari, lokacin da bai gama haƙa rami ba kuma bai san maƙwabtansa ba, kuma galibi abin yana faruwa ne da dare ko a lokacin da fitila ta mutu ko ta kama farat ɗaya.

Saboda haka shawarata ita ce kada ka sake sayen wannan kifi sai ka rufe akwatin. Wanda ya ce maka murfi yana tare haske yana da gaskiya idan murfin gilashi yake nufi, domin gishiri yana bushewa a jikinsa ya dusashe haske, yana riƙe zafi, yana kuma rage shigar iskar oksijin cikin ruwa. Maganin wannan shi ne raga ta roba marar launi, mai idanu kimanin milimita 6, a ɗaure ta da kyau a jikin firam na roba ko na alminiyom wanda ya zauna daidai a bakin akwatin. Haske da iska suna ratsa ta, kuma kifin da ya buge ta ba ya jin rauni kamar wanda ya bugi gilashi. Ka kula ƙwarai da 'yan kafofin da wayoyin lantarki da bututun matatar ruwa ke bi, domin nan ne aka fi yin sakaci, kuma kafar da yatsanka zai shiga, kifin nan zai iya bi ta cikinta. Ka toshe su da soso ko guntun raga.

Bayan murfi, ka rage abin da ke firgita shi. Idan fitilarka tana da tsarin dusashewa a hankali, ka yi amfani da shi, idan kuma ba ta da shi, ka riƙa kunna fitilar ɗaki kafin ta akwatin, ka kuma kashe ta akwatin kafin ta ɗaki. Kada ka haɗa shi da wani gobi mai rairaye yashi, sai dai idan miji da mata ne da suka riga suka saba. Ka auna ruwan: amoniya, wato gubar da ke fitowa daga kashin kifi da ruɓaɓɓen abinci, ta kasance sifili, zafi tsakanin digiri 24 da 26 a ma'aunin salshiyas, nauyin ruwan, wanda ke nuna yawan gishirinsa, kusan 1.025 a na'urar auna gishiri.

Akwai kuma abin da ba ka tambaya ba, wanda ni ya fi damuna, shi ne yunwa. Ka yi murna da yashin ya yi fari cikin kwana tara, alhali wannan farin alama ce cewa kifin ya kusa cinye abincin da ke cikinsa. Akwati mai watanni huɗu bai tara isassun ƙananan halittu ba, kuma da yawa daga cikin waɗannan kifaye suna ramewa ne a hankali ba tare da mai su ya lura ba, saboda yana ganin bakinsu bai daina aiki ba. Ka jira akwatin ya cika aƙalla watanni shida. Kafin ka biya kuɗi, ka nemi mai sayarwa ya ba kifin abinci a gabanka, ka kuma dubi cikinsa daga gefe, idan ya shafe ya manne ka bar shi. A gida ka riƙa ba shi daskararrun ƙananan jatan lande da ƙwayoyin abinci masu nitsewa sau biyu ko uku a rana, kana kai masa da dogon bututu har bakin raminsa, domin kifayen sama sukan wawashe komai kafin ya sauka.

Yashin ya zama mai laushi, zurfin santimita 5 zuwa 8, saboda mai kaushi yana ji masa ciwo a baki da kafofin numfashi. Duwatsu kuma a ɗora su a kan gilashin ƙasa kafin a zuba yashi, in ba haka ba zai haƙe ƙarƙashinsu su rufta masa. Idan kana da murjani, wato halittar teku mai rai da ke manne a duwatsu, a ƙasan akwatin, ka ɗaga shi sama, domin zai yi ta zuba masa yashi.

Tambaya: Malam, idan na tarar da kifi a ƙasa yana motsi, akwai abin da zan iya yi? Daga wata mai karatu.

Amsa: Akwai, 'yar'uwa, muddin jikinsa bai bushe ba. Ki jiƙa hannunki da ruwan akwatin ki ɗauke shi a hankali, kada ki goge shi da tsumma, domin yauƙin da ke jikinsa shi ne garkuwarsa daga cuta. Ki riƙe shi cikin ruwa, kansa na fuskantar inda famfo ke turo ruwa a hankali, har kafofin numfashinsa su koma buɗewa da rufewa da kansu. Sannan ki kashe fitila, ki ware shi daga masu tsangwamarsa, ki sa ido na mako guda ko za ki ga farin tabo ko ja a fatarsa.