Filin Tambaya da Amsa: Tudun Wuta Ya Baje Da Na Jona Batir

Tambaya: Malam, barka da aiki. Na haɗa caja da taransifoma mai bolt 12 da dayod huɗu (ƙananan ƙofofi masu barin wuta ta wuce ta gefe ɗaya kawai). Kafin in jona batir, na'urar osiloskop, mai zana siffar wuta a allo, tana nuna tuddai jere da juna, mita kuma wajen bolt 10. Ina jona batirin mota sai tuddan suka kusa bacewa, mita ta koma 13, taransifoma kuma tana zafi. Dayod ɗin ne suka ƙone? Daga mai gyaran rediyo, Zariya.

Amsa: Malam, dayod ɗinka lafiya lau. Bolt 12 ɗin da aka rubuta a jikin taransifoma ba shi ne ƙololuwar wutar ba. Kan tudu yana kaiwa bolt 17. Dayod biyu ke aiki a kowane tudu, su cinye kusan 1.4, saura 15.6. Mita matsakaici take karantawa, shi ya sa ta ba ka 10.

Batir kuwa da nasa bolt ɗin yake zuwa, a ce 12.6. Dayod ba ta buɗewa sai wutar taransifoma ta zarce na batir da wannan 1.4, wato ta haura 14. A sauran lokacin a rufe take, kuma abin da kake gani a allo bolt ɗin batir ne kawai, a shimfiɗe, da ɗan ƙusumbi daidai kan kowane tudu.

Wutarmu tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, dayod kuma suna fitar da tudu biyu a kowane juyi, tuddai 100 ke nan. Cikin kowane tudu, kashi huɗu cikin goma kaɗai caji ke shiga. Batir na kaiwa 14.4, ƙofar ta ƙara tsukewa zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. To duk cajin ta wannan 'yar ƙofa yake kutsawa, da ƙarfi, ya ninka abin da mitar amfiya (mai auna yawan wutar da ke gudana) ke nunawa. Zafin waya kuma ba ya bin matsakaici: amfiya ta ninka biyu, zafi ya ninka huɗu. Ga asalin zafin taransifomarka. Batirin da ya yi ƙasa sosai ya fi wahalar da ita.

Kada ka ɓata kuɗi kan babbar kafasita, mai adana wuta don baje tuddan, batir ya riga ya yi aikinta. Sa ƙwan fitilar mota mai wat 55 a kan wayar ja, tsakanin dayod da batir, zai rage kaifin bugun, sai dai cajin ya ɗan yi jinkiri. Ɗaura dayod a kan farantin alminiyom, ka sa fis kusa da batir, don jona wayoyin batir a juye sau ɗaya ya isa ya ƙone dayod ɗin. Wannan cajar ba ta yanke kanta, saboda haka ka cire da mita ta kai 14.4.

Ranar da wuta ta zo da rauni, a ce 180 maimakon 230, kan tudu bayan dayod ba ya wuce bolt 12. Cajar za ta kwana tana gurnani, batir mai 12.6 bai samu komai ba.