Amsar Baffa a Kan Gadon Kaki

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, na kuma ji daɗin da ka tambaya maimakon ka yi ta cin rai kai kaɗai. Ka ce ana faɗa maka al'adar gidanmu ce kowane tsatso ya ba da ɗa ɗaya ga aikin soja, kuma yanzu ido ya dawo kanka. Kana so ka san ko dole ne.

Ba dole ba ne. Amma bari ka ji inda maganar ta samo tushe.

Tun 1863 Bature Glover ya tara rundunar Hausawa a Legas, kuma daga nan sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa. A zamanin Turawa ma da Hausa ake magana a bariki. To amma kakanka bai shiga don wannan tarihi ba. Lokacin yaƙin Hitila aka bi ta hannun sarakuna ana neman samari, aka sa sunansa. Aka haye teku da su zuwa Indiya, suka shiga dazukan Boma, inda runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma suka gwabza da Japan tsakanin 1943 da 1945. Barikin Dalet da ke Kaduna da na Arakan da ke Legas sunayen wuraren can ne. Ya dawo da zazzaɓin da bai rabu da shi ba, ya kuma dawo da shiru. Idan aka tambaye shi yaƙi, sai ya kawo zancen ruwan sama da laka.

Ni kuwa yaƙin basasa ne ya ja ni. Kafin 1967 sojan ƙasar nan bai wuce dubu 10 da 'yan kai ba, kafin a ajiye makamai a Janairun 1970 ya kai wajen dubu 250. Horon kurtu a gurguje aka yi mana. Daga farabiti na samu igiya ɗaya, na zama kofur, na zama saje, aka tura mu Labanan aikin kiyaye zaman lafiya na Majalisar Ɗinkin Duniya, na ajiye kaki ina samanja. Ina alfahari da wannan, ba na ɓoyewa. Sai dai masu yi maka kirarin gidan mazaje ba su ga goggonka tana renon yara ita kaɗai a ɗaki ɗaya na bariki ba, ba su kuma tsaya layin fansho da 'yan mazan jiya masu dogara sanda ba.

Ka ga kenan, kakanka tura shi aka yi, ni yaƙi ya kira ni. Babanka ma bai shiga ba, ya yi malanta, kuma kakanka bai taɓa goranta masa ba.

Al'adar da na sani a gidanmu biyu ce. Ba mai sa hannu a takardar soja sai mahaifiyarsa ta yarda da bakinta, ba yardar kunya ba. Sannan wanda ya tafi, iyalinsa na wuyan waɗanda suka zauna. Lokacin da nake Labanan, babanka ne ya riƙe yarana da albashinsa na malami. A wurina shi ma ya yi nasa aikin sojan.

Idan zuciyarka ce ke so, hanya a buɗe take. Akwai Defo na Zariya ga kurata, akwai makarantar horon hafsoshi ta Kaduna da aka buɗe a 1964. Da karatun da kake da shi, ta Kaduna zan so ka nema. Ka sani kuma yaƙin yau ba irin namu ba ne, abokin gaba yana cikin daji ba kaki a jikinsa, yana binne nakiya a hanya.

Kada ka cike fom tukuna. Ka fara zama da mahaifiyarka, sannan ka zo mu tattauna da babanka. Ka gaishe min da su. Allah ya yi maka albarka.